Yadda zaka haɗa yini guda na rediyo irin na shekarun 1950, da kiɗansa da jawabansa

Yawancin masu son kwaikwayon rediyon da, abin da suke fara yi shine su naɗi murya su zuba mata shuuu da ƙarar tsohon faifai, mutum ya toshe hanci yana magana, shikenan wai an koma 1950. Ba anan take ba. Ko fodkas kake shiryawa, ko tashar makaranta ce zata yi ranar tuna baya, ko wasan kwaikwayo kake rubutawa da ake son rediyo na magana a cikinsa, abin da ke sa mai sauraro ya yarda jadawali ne, wato me ke biye da me kuma da ƙarfe nawa. A wancan lokacin akwatin rediyo ɗaya ne a gida, shi maigida zai ji labarai, shi uwargida zata ji waƙa, shi yara ke jira a yi musu tatsuniya, dan haka tasha bata isa ta kama salo ɗaya tun safe har dare ba irin yadda FM ɗin yanzu suke yi, dole kowa a bashi rabonsa a lokacin da aka san yana kusa da akwatin. Idan ka gane wannan to rabin aikin ya ƙare.

Da farko tsayar da shekara ɗaya tak, kar kace "shekarun hamsin" kawai ka wuce, dan kayan aiki sun riƙa canzawa da sauri. Babban faifan nan LP mai juyi 33 da sulusi a minti kamfanin Columbia ne ya fito dashi a 1948, ƙaramin mai juyi 45 kuma RCA Victor ta kawo shi a 1949, kafin su faifan garmaho mai juyi 78 ne ke cin kasuwa kuma ya daɗe ana sakawa ko bayan zuwansu. Rediyon tiransisto ta aljihu sai 1954 aka fara saida ta a Amurka, kafin nan akwati ne mai kwalabe a ciki da sai ka kunna ka jira ya ɗau zafi tukuna murya ta fito. BBC ma bata fara watsa shiri a FM ba sai 1955. Kaga idan ka zaɓi 1947 sannan mai gabatarwa yace zai saka LP ai ka tona wa kanka asiri.

Sai irin tashar. A Ingila bayan yaƙin duniya na biyu BBC tashoshi uku take dasu na cikin gida, Home Service da ta fara a 1939 mai labarai da jawabai da darussan makarantu da ibada, Light Programme ta 1945 mai kiɗa mara nauyi da barkwanci, sai Third Programme ta 1946 wadda da yamma kawai take buɗewa, ita manyan kaɗe-kaɗe da laccocin masana ne aikinta, kuma duk ukun babu talla ko ɗaya tunda kuɗin lasisin rediyo ne ke riƙe dasu. Haka suka tafi har 1967. Amurka kuwa kasuwa ce zalla, manyan gidajen rediyonta su ne NBC da CBS da ABC da Mutual, kamfani ne zai sayi shiri sukutum a saka sunansa, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble su suka riƙe wasannin kwaikwayon rana masu minti goma sha biyar biyar. Akwai kuma ƙananan tashoshi da sassan harsuna da basa cika yini, a buɗe da safe a rufe, a dawo da rana a sake rufewa sai yamma, Sashen Hausa na BBC kansa da shirin minti 15 ya fara ranar 13 ga Maris 1957, Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya gabatar. Ni dai shawarata ga sabon shiga, ka ɗauki tasha mai gauraye, labarai da jawabi da kiɗa duk a tukunya ɗaya, mara talla, dan rubuta tallan wancan zamanin da waƙarsa wani aiki ne daban mai cin lokaci.

Kafin ka rubuta komai jeka ka duba jadawalin gaske. Mujallar Radio Times tun 1923 take buga shirye-shiryen BBC, kuma an zuba su a intanet a shafin BBC Genome (yanzu sunansa BBC Programme Index), zaka iya zaɓar rana ɗaya, ace wata Talata a 1952, kaga komai daga buɗe tasha har rufewa. Karanta kwana uku ko huɗu a jere, da kanka zaka fara ganin ƙashin bayan abin.

Yanzu ɗauko takarda ka ja layi daga shida da rabi na safe zuwa sha ɗayan dare, ka fara kafa turaku, sune abubuwan da basa motsi ko sama da ƙasa zata haɗe: sanarwar lokaci, labarai, hasashen yanayi. Saka labarai da safe sau biyu, ƙarfe ɗaya na rana, ƙarfe shida, sannan babban na ƙarfe tara na dare, wanda a Home Service bugun agogon Big Ben ne ke shigo dashi. Ƙarar nan ta tit tit tit guda shida da ake ji kafin labarai tun 1924 BBC ke sakata, ta shidan ita ce daidai kan awa, amma lura, a shekarun 1950 duk shidan tsawonsu ɗaya ne, sai farkon shekarun 1970 aka ja ta ƙarshen tayi tsawo, masu kunne zasu kama ka idan ka saka ta yanzu. Labaran kuma murya ɗaya ce ke karantawa tiryan-tiryan, ba kiɗa a ƙarƙashi, ba "bari mu ji ta bakin wane", rahoton wakilai shirinsa daban ne irin Radio Newsreel.

Tsakanin turakun nan sai ka riƙa tambayar kanka, waye a gida yanzu kuma me hannunsa ke yi. Da sassafe mutane na shirin fita ne, ba mai zama ya saurari dogon bayani, to a basu kiɗa mai ɗan motsi, a yawaita faɗin lokaci, a saka gajeriyar nasiha ko addu'a ta minti biyar, da bayanin farashin amfanin gona da yanayi saboda manoma. Da hantsi masu aiki sun fita, nan ne gurbin zaɓi sonka, a Light Programme sunansa Housewives' Choice, ya fara a 1946, matan gida ke aiko da kati a karanta suna a saka faifai. Idan zaka yi naka rubuta wasiƙun da kanka da sunaye na ƙirƙira, kuma ka tuna wasiƙa ce ta bi gidan waya tayi kwanaki a hanya, ba wanda zai bugo waya ana cikin shiri. Daga nan darussan makarantu, sai kuma wani shiri da ni yake burge ni, Music While You Work, wanda aka fara a 1940 saboda ma'aikatan masana'antu, rabin awa na kiɗa ba tsayawa ba surutu, kuma da gangan ake riƙe saurin kiɗan da ƙarfinsa a mataki ɗaya dan ya ratsa ƙarar injina kar kuma ya rikita hannun mai aiki. Wannan shi yafi komai sauƙin haɗawa, ka jera kiɗan badujala ko na ƙungiyar makaɗan rawa ka haɗe bakinsu, sanarwa a farko sanarwa a ƙarshe, shikenan.

Da rana bayan labarai akwai na ƙananan yara da basu shiga makaranta ba, Listen with Mother da aka fara a 1950 minti goma sha biyar ne, ƙarfe biyu saura kwata, yana ƙarewa Woman's Hour ya shigo ƙarfe biyu, kaga hikimar, an lallashi yaro ya nutsu sannan uwar ta samu nata. Ƙarfe biyar yaran makaranta sun dawo sai Children's Hour. Daga shida zuwa dare kuma gida ya cika, nan ake fito da manyan kaya, wasan kwaikwayo mai ci gaba irin The Archers da ya game ƙasar a 1951 kuma har yau ana yinsa, barkwanci a gaban 'yan kallo, kacici-kacici, kiɗa kai tsaye daga zaure, da babban jawabi bayan labaran tara. Ba dole ka kwafi waɗannan sunayen ba, ƙirƙiro naka, gurbin kawai zaka ara.

Maganar kiɗa. Abin da mutane ke mantawa shine yawancinsa kai tsaye ake yi, makaɗa na zaune a situdiyo. A Ingila har yarjejeniya ce tsakanin BBC da kamfanonin faifai da ƙungiyar makaɗa, an ƙayyade awannin da za'a iya saka faifai a mako, shi yasa BBC ta ajiye ƙungiyoyin makaɗa nata na kanta tana biyansu albashi. Dan haka idan kana da abokin da ya iya fiyano ko jita ko sarewa, jawo shi ya yi maka minti goma sha biyar kai tsaye, ko ya ɗan yi tuntuɓe a barshi, yafi faifai goma kama da gaske. Inda zaka saka faifai kuma ka sani mai juyi 78 ɗan inci goma wajen minti uku yake ɗauka a fuska ɗaya, mai inci goma sha biyu huɗu zuwa biyar, to shirin faifai na rabin awa waƙa bakwai ne ko takwas tare da magana, kuma mai gabatarwa baya magana waƙa na tafiya, sai ya faɗi sunanta da mai ita, yayi shiru, allura ta sauka. Wani abu kuma kar kace tsohuwar waƙa ce ba mai ita, haƙƙin mallaka biyu ne akan kowane faifai, na wanda ya tsara waƙar da na wanda ya naɗe ta, kuma dokar ta bambanta ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka faifan da aka fitar tsakanin 1947 da 1956 shekara 110 doka ta bashi. Idan a intanet zaka saki shirin bincika tukuna kar a sauke maka shi.

To sai jawabi, nan ne aikin yake, nan ne kuma yawanci ake faɗuwa. Jawabin rediyo na wancan zamanin mutum ɗaya ne da makirufo ɗaya da takarda, minti goma sha biyar, ba mai yi masa tambaya ba kiɗa ba komai, kuma mutane su zauna su saurara har ƙarshe. Ba lacca bace ba kuma hira bace, rubutu ne da aka yi shi dan kunne. Hilda Matheson, wadda ta fara riƙe sashen jawabai na BBC a 1927, ita ta matsa akan cewa karanta maƙala a gaban makirufo baya aiki, sai an rubuta yadda baki ke magana. Alistair Cooke da wannan salon ya riƙe Letter from America daga 1946 har 2004, kwata ɗaya na awa duk mako. Laccocin Reith kuma, na BBC na shekara-shekara, da masanin falsafa Bertrand Russell ya buɗe a 1948 sune masu nauyin, rabin awa rabin awa.

Ga yadda zaka rubuta naka. Zaɓi magana ɗaya, ɗaya fa, ba uku ba, misali yadda ake dasa bishiya ta kama, ko abin da matafiyi ya gani a tashar jirgin ruwa, ko me yasa ake jin tashoshin nesa da dare ba'a jinsu da rana (wannan ma jawabi ne mai daɗi, da rana hasken rana na haifar da wani sashe a sararin sama da ke shanye matsakaicin zango, da dare sashen ya ɓace sai sautin ya daki na sama ya dawo ƙasa can nesa). Sa mutum ɗaya a ranka, kana masa magana yana zaune kusa da kai, ba taron jama'a ba, dan haka ba ɗaga murya ba "ya ku jama'a". Jimla gajera, in tayi tsawo numfashinka zai gaya maka. Lamba kar ta wuce ɗaya ko biyu a sakin layi kuma a dunƙule ta, mai sauraro bashi da damar komawa baya ya sake dubawa, saboda haka muhimmin abu faɗe shi sau biyu da kalmomi daban. Kana rubutawa kana karantawa da ƙarfi, duk inda harshenka ya sarƙe to rubutun ne da laifi, canza shi. Sannan ka kiyaye abin da mai jawabin bai sani ba, idan ranarka tana cikin Oktoban 1957 ne yana iya mamakin tauraron ɗan adam Sputnik da Tarayyar Sobiyat ta harba ranar 4 ga watan, amma bai san mutum zai taka wata a 1969 ba, idan 1955 ce allurar shan inna ta Salk sabon labari ce ana murna ana ɗar-ɗar. Wannan rashin sanin gobe shi ke sa jawabin ya zama na ranar, da ka bari hangen yau ya shiga ya lalace.

Lokaci kuma ba wasa. Gurbin minti goma sha biyar ba jawabin minti goma sha biyar bane, cire gabatarwa da rufewa da sanarwar tasha, abin da ya rage maka kamar sha uku da rabi zuwa sha huɗu. Karanta shafi ɗaya da agogo a hannu ka ga minti nawa ya ci a bakinka kai, da wannan zaka auna sauran, ka rubuta lokacin a gefen kowane shafi, sannan ka ja wa sakin layi ɗaya kusa da ƙarshe alama wanda za'a iya tsallakewa ba tare da maganar ta karye ba. Haka furodusoshin wancan zamanin suke yi, sai an yi gwaji da mai jawabi kafin a kunna jan fitila mai nuna an fara watsa shiri.

Wanda ke ɗinke duk wannan shine mai sanarwar tasha. Shi ke buɗewa da sunan tasha da mita nawa take a wane zango, shi ke cewa kun saurari kaza yanzu kuma ga kaza, a nutse, ba ihu ba wasa da dariya. Idan shiri ya ƙare da saura daƙiƙa arba'in baya cika wurin da surutu, sai a saki taken tasha, 'yan sautuka kaɗan da ake maimaitawa, ko ƙarar agogo, ko ayi shiru kawai na ɗan lokaci. NBC sauti uku ne nata na ƙararrawa, kai ma ƙirƙiri naka da sauti huɗu ko biyar a fiyano. Shirun nan kar ka ji tsoronsa, kunnen yanzu ne bai saba ba, editan zamani hannunsa har ƙaiƙayi yake ya yanke, daure ka barshi.

A situdiyo makirufo ɗaya ya isa, na wancan lokacin irin RCA 44 gaba da baya yake ɗauka banda gefe, shi yasa 'yan wasa ke tsayawa suna fuskantar juna, mai son a ji kamar ya fita daga ɗaki sai ya zame gefe kawai. Kar ka manna baki, ja baya kamar kamu ɗaya ko biyu. Cire ƙusar da ta haɗa takardun, rubutu a fuska ɗaya, ka gama shafi ka zame shi gefe a hankali dan makirufo ba abin da yake so irin ƙarar takarda. Tunda ba'a magana idan fitila ta kama, da hannu ake yi: juya yatsa a iska yi sauri, ja hannu biyu kamar ana miƙa roba rage sauri, yatsa a kan hanci lokaci daidai, yatsa a maƙogwaro yanke. Ƙarar wasan kwaikwayo ma da hannu, ɓawon kwakwa biyu kofaton doki, murza leda mai ƙara wuta na ci, tire da tsakuwa takun mutum. Kuma ka naɗi kowane shiri a zama ɗaya, tef ya shigo gidajen rediyon Amurka ne wajen 1947 zuwa 1948 ta hanyar shirin mawaƙi Bing Crosby da injinan naɗi na kamfanin Ampex, amma yankansa da reza ake yi a manna, ba wanda ke gyara kowane numfashi.

Sai yanzu ne zaka taɓa sautin, kuma da sauƙi. A manhaja irin Audacity maida komai mono, wato sauti ta hanya ɗaya ba hagu da dama ba, yanke abin da ya haura hertz 5,000 da abin da ke ƙasa da kamar 100, ɗan matse sautin kaɗan. Ka tsayar a ranka ko a situdiyo mai sauraronka yake ko a gaban akwati, dan sautin situdiyon da tas yake, shuuu ɗin a hanya yake shiga. Ƙarar allura akan faifai kawai zata fito, ba akan muryar mai labarai ba. In gajeren zango kake kwaikwayo sai ka sa sautin ya riƙa ɗan lumewa yana dawowa jefi-jefi, banda wuce gona da iri, awa biyu na shuuu ba kunnen da zai ɗauka.

Rufe tasha: taƙaitattun labarai, yanayin gobe, mai sanarwa ya faɗi ƙarfe nawa za'a buɗe da kuma mita, yayi sallama, taken ƙasa, a kashe. Idan yinin gaba ɗaya yafi ƙarfinka, awa goma sha shida ba wasa bace, matse shi zuwa awa biyu ko uku amma kar ka taɓa jerin, safe ta zo kafin hantsi, mai sanarwa ya cigaba da faɗin lokacin wancan yinin ba na agogonka ba. Kiɗan zaka rage, kowane shirin kiɗa waƙa ɗaya ko biyu ta wakilce shi, labarai minti uku uku, wasan kwaikwayo fitowa ɗaya, amma jawabi guda ɗaya kam barshi cikakke da minti goma sha huɗunsa, ka ajiye shi bayan labaran ƙarfe tara.